Albam ɗin Johnny Cash na 1994: Rick Rubin ne ya tashe shi ko dama can bai kwanta ba?

Sabo Kawo
Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya da daddare an ɗauke wuta, zafi ya hana ni zaman ɗaki, sai na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na saka albam ɗin American Recordings na Johnny Cash, mawaƙin kantiri (country) na Amurka, na ji shi tun daga farko har ƙarshe, waƙa 13 ban tsallake ko ɗaya ba. To ga abin da ya tsaya min a rai. Mutumin nan ya shiga kamfanin Columbia a 1958 bayan ya baro Sun Records na Memfis, shi yayi musu faifan gidan yarin Folsom a 1968, ya ƙara da na San Quentin a 1969, kuɗin da suka ci da muryarsa Allah kaɗai ya sani, amma a 1986 suka ce Baba mun gode je ka huta. Shekara 28 fa. Ya koma Mercury yayi albam biyar tsakanin 1987 da 1991, shiru kamar an shuka dusa. Sai a 1993 yana da shekara 61 wani furodusan rap da kiɗan hayaniya mai suna Rick Rubin ya ɗauke shi a kamfaninsa, ya zaunar dashi a falo da jita ɗaya tal, ba ganga ba 'yan amshi ba komai, abin ya fito a watan Afrilun 1994 duniya ta juyo tana cewa ashe Cash na nan. Tambayata ita ce, Rubin ne ya tashe shi, ko dama can bai kwanta ba kamfanonin ne suka lulluɓe shi da bargo?

Abba Situdiyo
Wa alaikumus salam Kawu Sabo. Ai wannan ba ta buƙatar muhawara, Rubin ne. Muryar da Cash yake da ita a 1991 ita ce dai a 1994, me ya canza in ba mutumin da ke zaune a bayan na'ura ba?

Baba Audu Mai Rediyo
Ku yaran nan komai furodusa komai furodusa. Ni dai na taɓa jin albam ɗin nan sau ɗaya shekarun baya kuma gaskiya ban gane abin da kuke yabo ba. Tsoho ne zaune yana kaɗa jita kamar mai gadi da dare ya yi masa tsawo. Ina jirgin ƙasan nan da ake ji a waƙoƙinsa na da, bum cika bum cika? Wannan shine Cash a wajena. An cire masa shi sannan ace wai an dawo dashi.

Anti Ladi Jos
Mai gadi kuma Baba? hhhh Allah ya bar mana kai

Nura Teksas
Barkanku da warhaka. Abba kafin ka ba Rubin duka ladan bari in kawo wani abu. A 2006 ɓangaren tsofaffin faya-fayi na Columbia ɗin nan dai ya fitar da wani tarin waƙoƙi mai suna Personal File. Menene a ciki? Cash ne shi kaɗai da jitarsa, ya ɗauka a situdiyonsa na House of Cash tun daga 1973, ya ajiye a ma'ajiya ba wanda ya ji. Wato shekara ashirin kafin ya haɗu da Rubin mutumin yana zama shi kaɗai yana yin irin abin nan da kuke cewa Rubin ya ƙirƙiro. Shi da kansa ya sha faɗa cewa ya daɗe yana marmarin yin albam daga shi sai jita. To ka ga ra'ayin ba na Rubin bane. Abin da Rubin yayi shine ya ce to, yi, ni zan fitar. Kuma ba ƙaramin abu bane wannan ban raina ba, amma akwai bambanci tsakanin wanda ya haƙa rijiya da wanda ya ɗage murfinta.

Abba Situdiyo
Yaya Nura na yarda da tarihin amma ka taimake ni ne baka sani ba. Shekara ashirin kaset na ajiye ba wanda ya ce a fitar, har shi mai kaset ɗin bai iya tsayawa ya ce sai an fitar ba. Kuma mutane basu san aikin furodusa ba wlh, ana zaton sai ka cika waƙa da kiɗa kayi aiki. Su biyun nan sun ɗauki waƙoƙi da yawa a falon Rubin a Los Anjalis da kuma wata 'yar bukkar katako ta Cash a Tenesi, har makaɗa suka kira suka gwada da cikakken kiɗa, daga baya aka zauna aka ce a'a na falon nan da muka ɗauka a matsayin gwaji shi yafi, shi za'a fitar. Wannan yanke hukuncin shine aikin. Ni nan da nake zaune in mawaƙi ya shigo na ce masa mu rage kiɗa muryarka ta fito sai ya ga kamar zan cuce shi ne, ya ce ai kuɗin cikakken kiɗa ya biya. Cirewa tafi ƙarawa wuya, ku tambayi duk mai wannan sana'ar.

Sabo Kawo
Wannan magana ta ƙarshe taka akwai ƙamshin gaskiya Abba. Amma ni abin da yafi ɗaure min kai ba Rubin bane, Columbia ne. A 1985 fa Cash da Willie Nelson da Waylon Jennings da Kris Kristofferson suka yi Highwayman, a Columbia ɗin, waƙar ta hau lamba ɗaya a jadawalin kantiri. Shekara na zagayowa a sallame shi. Wane irin butulci ne wannan

Issoufou Damagaram
Malam Sabo butulci a wajen ɗan Adam ake nemansa, kamfani ba shi da kunya ba shi da zumunci, lissafi gare shi. Highwayman na mutum huɗu ne. Nasa na shi kaɗai a shekarun 1980 ba sa sayuwa, rediyo ta koma kan samari. In kai ne mai shago kaya sun shekara a kanta ba mai tayawa za ka sake saro su don kawai kun saba da mai kawowa? Ni ban ga laifinsu ba sosai. Ciwon dai akwai.

Nura Teksas
Issoufou akwai gaskiya a maganarka amma ba duka ba, don kayan da kake cewa basu sayu ba wasunsu ba a ma ɗora su a kanta ba. A farkon shekarun 1980 Cash yayi waƙoƙi da furodusa Billy Sherrill, kamfanin ya kulle su a ma'ajiya, sai ɗansa John Carter Cash ne ya tono su aka fitar a 2014 da sunan Out Among the Stars, lokacin uban ya shekara sama da goma a kabari. Abin da suka zaɓa suka fitar a 1984 kuwa wata waƙar barkwanci ce, Chicken in Black, wai an yi masa dashen ƙwaƙwalwa an saka tasa a kan kaza, har da bidiyo yana sanye da kayan wasan yara. Ku neme ta ku gani in kuna son ku ji kunya a madadin wani. Mutumin da ya tsaya gaban fursunoni a Folsom shine aka mayar haka. To in shago bai yi ciniki ba wani lokacin mai shagon ne bai san abin da ke cikin sitonsa ba.

Issoufou Damagaram
To amma da bakinsa ya rera ta ai, ba ɗaure shi aka yi ba.

Nura Teksas
Wannan kuma haka ne, ban wanke shi ba. Shekarun nan shima ba daidai yake ba, ga matsalar ƙwayoyi da ta dawo masa har ya kwanta a cibiyar Betty Ford ta masu fama da shaye-shaye wajen ƙarshen 1983. Laifin ba na gefe ɗaya bane.

Abba Situdiyo
Maganar kulle waƙa a ma'ajiya ta taɓa min tsohon miki. Kafin in koma bayan na'ura waƙa nake yi, na sa hannu a wata takarda da wani mai situdiyo a nan Kano, ba zan kama suna ba, ina ɗan shekara 19 ko karanta ta ban yi ba don murna. Waƙa shida muka ɗauka. Ya fitar da ɗaya wacce ni ban ma so ba, sauran biyar har yau suna cikin kwamfutarsa in ma bata lalace ba, na je na roƙa ya ce takarda ta ce nasa ne, in ina so in biya kuɗin da ko a mafarki bani dashi a lokacin. Shi yasa in naji labarin Cash nake cewa ashe har manya ana yi wa. Bambancin kawai shi yana da ɗa da zai tono masa.

Anti Ladi Jos
Ayya Abba sannu. Allah ya musanya maka da mafi alheri. Ka yi aure ka haifi mai tono maka kaima 😄

Baba Audu Mai Rediyo
Allah ya saka maka yaro. Amma bari in dawo da ku hanya don naga kuna ta ɗora komai a kan kamfani. Don Williams fa? Ku lissafa min. Ya fara da JMI, ya koma ABC Dot, ya zama na MCA inda yayi I Believe in You a 1980, ya tafi Capitol, ya tafi RCA, can da tsufa a 2012 yayi And So It Goes a Sugar Hill. Ka ɗauki kaset ɗin farko ka ɗauki na ƙarshe ka saka, mutum ɗaya ne, sanyi ɗaya ne, hular ma ita ce. Kamfani shida ko fi bai canza ba. Mu nan a Kaduna shekarun 1980 ba mu san wani Capitol ko MCA ba, mai kaset a kasuwa zai dubo maka, ka ga hoton mai gemu da hula ka biya ka tafi. Har Harare ya je yayi wasa a 1997 don ya san inda masoyansa suke. To in mawaƙi ya san kansa kamfani riga ce kawai. Wanda sai an canza masa kamfani yake gano muryarsa shi ke da matsala.

Sabo Kawo
Baba na san duk inda aka je sai ka shigo da Don Williams, ko muhawarar farashin taki ake hhhh. Amma ka manta abu ɗaya, Don yana canza kamfani ne yana tafiya da mutuminsa. Furodusa Garth Fundis ya daɗe yana aiki dashi tun shekarun 1970, kuma shi ne dai ya dawo yayi masa na 2012 ɗin da ka ambata. Kenan rigar ce ake canzawa telan na nan.

Abba Situdiyo
Kawu Sabo Allah ya biya ka!! Furodusa dai furodusa dai

Baba Audu Mai Rediyo
Kun haɗa min kai kenan. To naji.

Anti Ladi Jos
Ni bari in faɗi nawa tunda maza sun gama rabon lada. Na farko Baba maganar mai gadi ban yarda ba. Mu a Jos mun tashi da Dan Maraya, mutum ɗaya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi ba kalangu, kuma in ya fara kasuwa tsit take yi. Wa ya taɓa cewa waƙarsa bata cika ba? In murya na da abin faɗa ƙaramin kiɗa ya ishe ta, ni da naji albam ɗin Cash abin da ya fara zuwa min kenan. Amma na biyu, kuma shine ainihin abin da ya dame ni, waƙar da aka buɗe albam ɗin da ita. Delia's Gone. Namiji ne ke ba da labarin yadda ya ɗaure mace a kujera ya harbe ta, yana faɗa hankalinsa kwance kamar mai ba da labarin cefane. Sannan aka yi bidiyo aka ɗauko 'yar tallan kayan sawa Kate Moss ta kwanta a matsayin gawa. A cikin waƙa 13 akwai na tuba akwai na addu'a, me yasa wannan ce a gaba kuma ita aka yi wa bidiyo? Wannan ba zaɓin tsoho mai shekara 62 da ke karanta Baibul kullum bane a ganina, zaɓin mai talla ne da ya san abin da samari masu kallon tashar waƙoƙi ta MTV ke so.

Nura Teksas
Anti kin taɓo inda masu sukar albam ɗin suke taɓowa. Gyara ɗaya kawai, waƙar ba Rubin ya kawo masa ba, tsohuwar waƙar gargajiya ce kuma Cash ya taɓa rera ta tun 1962 a Columbia. Asalinta ma labarin gaske ne, wata yarinya baƙar fata 'yar shekara 14 mai suna Delia Green da aka harbe a garin Savannah na jihar Jojiya lokacin Kirsimetin 1900. Amma cewa a sa ta a farko a yi mata bidiyo mai duhu, eh wannan talla ce. Ki duba bangon albam ɗin ma, yana tsaye da doguwar baƙar riga, kare biyu a gefensa, sama ta haɗe, kamar mai wa'azin da ya zo sanar da tashin alƙiyama. Rubin ya san wa yake sayar wa. Ba tsofaffin masu jin kantiri ba, yaran jami'a masu jin rok. Shi yasa ya kai shi Viper Room, kulob ɗin Johnny Depp a Los Anjalis, a ƙarshen 1993 ya hau dandali shi kaɗai, waƙa biyu na cikin albam ɗin ma a can aka ɗauke su da ihun mutane da komai. A 1994 kuma sai gashi a bikin Glastonbury a Ingila gaban yaran da iyayensu ne sa'o'in waƙoƙinsa.

Anti Ladi Jos
'Yar shekara 14? Innalillahi. Ka ga yanzu ma na ƙara tsanarta. Yarinya ta mutu an shekara ɗari ana rawa da gawarta.

Issoufou Damagaram
To ai kun dawo kan maganata. Columbia lissafi, Rubin ma lissafi. Ɗaya ya duba ya ga tsoho ba ya sayuwa, ɗayan ya duba ya ga tsufan ne ma abin sayarwa. Wayo ne ya fi wayo, ba wani tausayi.

Sabo Kawo
Issoufou a nan kam ban bi ka ba. In lissafi ne zalla albam ɗin farko bai kawo wani kuɗin a zo a gani ba, ko goma na farko bai shiga ba a jadawalin kantiri, gidajen rediyon kantiri kuma suka yi kamar basu san an yi ba. Grammy ɗin da ya ci a 1995 ma a rukunin waƙoƙin gargajiya na zamani aka bashi, ba a kantiri ba. Mai lissafi zalla da ya tsaya nan. Amma mutumin nan ya ci gaba dashi har ƙarshen ransa. Unchained a 1996 da Tom Petty da makaɗansa, na uku a 2000, na huɗu a 2002, lokacin ciwo ya ci ƙarfinsa ido ya raunana murya na rawa, wata rana sai a ɗauki layi ɗaya a huta. Matarsa June ta rasu a watan Mayun 2003, ya ce a ci gaba da ɗauka don in ya zauna shiru ba zai iya ba, Rubin ya sa aka riƙa kai masa na'ura har inda yake, shi kuma ya bi ta a watan Satumba. Ɗan kasuwa ne na yarda, amma ba haka ɗan kasuwa zalla yake yi ba.

Abba Situdiyo
Kuma Baba jirgin ƙasanka da kake nema yana cikin Unchained, cikakken kiɗa ne. Shi ne ma ya ci Grammy na albam ɗin kantiri a 1998, sai kamfanin ya sayi shafi guda a mujallar Billboard ya buga tsohon hoton Cash na San Quentin yana yi wa kyamara daƙuwar turawa da yatsan tsakiya, aka rubuta wai suna godiya ga manyan Nashbil, cibiyar kiɗan kantiri, da rediyon kantiri bisa goyon bayan da suke basu 😂 gatse iya gatse

Baba Audu Mai Rediyo
Wannan rashin kunya ce ba burgewa ba. Dattijo da jikoki. Jim Reeves ko Don ba za su taɓa yi ba.

Nura Teksas
Hoton na 1969 ne Baba, lokacin da sauran ƙuruciya. Amma ina so in koma kan Issoufou da Kawu Sabo don akwai misalin da yake warware min wannan gardamar, Willie Nelson. Shekaru yayi a RCA a Nashbil, shi da ya rubuta Crazy da Patsy Cline ta rera a 1961, amma nasa faya-fayan ana lafta musu gogen turawa da 'yan amshi irin salon garin na lokacin, basu zuwa ko'ina. Ya tattara ya dawo Teksas, ya shiga Atlantic yayi albam biyu a 1973 da 1974, sai Atlantic suka rufe sashen kantirinsu gaba ɗaya. Daga nan ya shiga wane kamfani? Columbia. Amma manajansa ya sa a cikin kwantiragi cewa Willie ne mai ta cewa a kan abin da zai ɗauka. Ya je wani ƙaramin situdiyo a garin Garland kusa da Dallas a farkon 1975, da 'yan makaɗansa, yayarsa Bobbie a kan fiyano, cikin 'yan kwanaki ya gama Red Headed Stranger. Da manyan Columbia suka ji sai suka ce ai wannan gwaji ne ba a gama ba, a koma a ƙara kiɗa. Ya ce haka zai fita. Takarda na bayansa, dole suka fitar. Blue Eyes Crying in the Rain ta zama waƙarsa ta farko da ta hau lamba ɗaya da muryarsa, albam ɗin ya sayu miliyoyi. To ku duba, Columbia ɗin da muke zagi a kan Cash ita ce ta fitar da wannan, kuma da son ransu ne da sun ɓata shi. Willie bai da wani Rubin, shi yayi furodusan kansa. Abin da ya haɗa shi da Cash shine a sabon wurin an bar kowannensu yayi abin da ya daɗe yana ji a kansa, ɗaya takarda ce ta ƙwatar masa, ɗaya kuma sa'ar mutum yayi.

Abba Situdiyo
Hmm. Wato da na karanta tawa takardar kenan.

Anti Ladi Jos
Nura wannan na Willie ɗin ba shine labarin mai wa'azin da ya kashe matarsa ba?

Nura Teksas
Shi ne Anti 🙈 da ita da wanda ta bi, daga baya ma ya ƙara da wata da ta taɓa masa doki

Anti Ladi Jos
Ka ji ko. Duk wanda aka ba 'yanci sai ya fara da kashe mace. Allah ya kyauta. Ni Dolly Parton ta ishe ni, ita ko kishiya ma roƙonta take yi.

Sabo Kawo
Hhhh Anti yau kin zo da shiri. Amma don adalci, tunda kin ce mai talla ne ya ɓoye ɓangaren addininsa, a albam ɗin 1994 ɗin akwai Why Me Lord ta Kristofferson, akwai Redemption da shi ya rubuta, akwai Down There by the Train da Tom Waits ya bashi wacce duk maganar gafara ce ga masu manyan zunubai. Kuma da Rubin ɗin dai ya ɗauki waƙoƙin cocin da mahaifiyarsa ke rera masa a gonar auduga a Akansas, aka fitar da su da sunan My Mother's Hymn Book. Ku tuna ɗaya daga cikin dalilan barinsa Sun tun farko shine mai kamfanin, Sam Phillips, bai son yayi faifan addini, yana zuwa Columbia yayi shi a 1959. Mutumin duk rayuwarsa tsakanin zunubi da tuba yake kai kawo, karnukan bangon nan ma sunan da ya basu kenan, Zunubi da Fansa. Ni waƙar da ta hana ni barci jiya The Beast in Me ce, wacce Nick Lowe tsohon mijin 'yar matarsa ya rubuta. Mutum na faɗin dabbar da ke cikinsa da ke kulle a keji mai rauni, da rana bata natsuwa da dare kuma ta yi ta ruri. Da an sa mata ganga da goge wlh da ta tashi a banza, don numfashinsa ma kana ji.

Issoufou Damagaram
Nashbil ɗin da suka ƙi shi fa daga baya?

Nura Teksas
A watan Nuwamban 2003 ƙungiyar kiɗan kantiri ta CMA ta ba albam na huɗu kyautar albam ɗin shekara, waƙar Hurt da ke cikinsa ta ci single ɗin shekara da bidiyon shekara. Wata biyu da binne shi. Na biyar kuma da ya fito a 2006 ya hau lamba ɗaya a babban jadawalin Billboard.

Issoufou Damagaram
Sai da ya mutu. To wannan ma lissafi ne, ku ƙyale ni da ra'ayina.

Baba Audu Mai Rediyo
Ina nan ina karanta ku ban tafi ba. Bayan la'asar na sa jikata ta nemo min shi a wayarta na sake ji, don kar ace tsoho yayi gardama da abin da ya manta. Maganar mai gadi na janye rabi. Ladi kin yi gaskiya a kan Dan Maraya, ban taɓa haɗa su a kaina ba sai da kika faɗa. Ta jirgin ƙasan nan da Sabo ya ambata na maimaita ta sau uku. Amma har yanzu in zan yi doguwar tafiya Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano Don zan saka, wannan na Cash ba na mota bane, na mutum ne shi kaɗai da dare. Abba in ka shigo Kaduna ka zuba min shi a memori irin wanda rediyona ke ɗauka, har da wancan mai cikakken kiɗan na 1996.

Abba Situdiyo
An gama Baba, ranar Asabar in sha Allah. Duka 13 ɗin?

Baba Audu Mai Rediyo
Cire ta farkon. Hajiya na jin turanci.